Ragon da Esenkul Ya Ƙi Yi Wa Addu'a

A yankin At-Bashi in ka ce "malamin nan mai faɗa", ba wanda zai tambaye ka wanne. Esenkul ne, malamin labarin ƙasa, dogo, siriri, mai gira kamar ta tsohon bunsuru. Ɗalibai na kiransa agai, yadda ake kiran kowane malami, amma nasa da rawar murya ake faɗa. Shekara ashirin da bakwai, duk hutun rani sai ya kwashi 'yan aji tara ya hau duwatsu da su, kwana bakwai cur. Dokarsa ba ta da yawa: kowa ya goya jakarsa, su kafa tantinsu, su dafa abincinsu, su nemi hanya da taswira. Shi nasa ido.

A takarda ke nan. A zahiri kuwa ko sau ɗaya makon bai taɓa tafiya yadda ya tsara ba, kuma baƙin cikin haka ne ya hana shi ƙiba. Da rani rabin ƙauyensu yana bisa duwatsu da dabbobi, ba kwarin da za ka leƙa ka rasa rugar kawun wani yaro ko kakar wata yarinya. Da an hango su sai a turo dawakai, a kwashe jakunkuna, a kayar da rago. Yaran da ya kawo su koyi tsayuwa da ƙafafunsu, sai ga su a kishingiɗe, baki duk maiƙo, ana yi musu ɗura da nonon goɗiya. Wata shekara har wata tsohuwa ta bi su kwana biyu a kan doki, wai jikanta ya manta bargo. Ya yi faɗa, ya rubuta wa iyaye wasiƙa, ya buga tebur a taro. Su ce, "Haba agai, ai yara ne," su koma su yi abin da suka saba. Naman da aka riga aka yanka kuma ba a ƙinsa, haka zai zauna ya ci yana huci.

Shi ma a ruga aka haife shi. Mahaifinsu ya rasu yana da shekara tara, yayansa Sabirbek ya bar makaranta ya riƙe garke, shi ya tura Esenkul birni karatu. Can ya yi kwana biyu da yunwa a ɗakin kwanan ɗalibai, gardi ɗan shekara sha bakwai, yana jiran wani babba ya ce masa tashi ka ci. Wannan kunyar bai taɓa mantawa da ita ba. Yaran ƙauyensu sun iya doki, sun iya tatsa, amma ka ce su yanke shawara ba babba a kansu, sai su tsaya suna kallon juna kamar tumaki a bakin rafi.

Shekarar da zai yi ritaya ya sha alwashin ko sau ɗaya sai an yi makon nan yadda ya kamata. Ya zaɓi wani kwari mai duwatsu da ba a kiwo a cikinsa, ya ƙi gaya wa kowa hanya, ya karɓe wayoyi ya kulle a ofis. Yara sha huɗu mota ta sauke inda titi ya ƙare.

Kwana biyun farko abin takaici ne. Tanti ya faɗi sau uku, shinkafa ta ƙone, samari suka zauna suna jiran 'yan mata su ɗebo ruwa. Rana ta uku wani ƙaton yaro mai suna Kubat ya zame a rafi, buhun gari ya bi ruwa.

"Agai, yanzu me za mu ci?" in ji Kubat.

"Ni ka gani a rafin? Tambayi 'yan'uwanka."

Wata yarinya, Sezim, wadda a aji ko tarinta ba a ji, ta zazzage duk jakunkunan a ƙasa. "Kowa ya fito da abin da uwarsa ta cusa masa. Kai Kubat, har alewar da ke cikin safarka. Kar ka kalle ni, tun jiya nake jin bakinka na motsi."

Aka kwashe da dariya, aka raba abin da ya rage kashi huɗu, na kwana huɗu. Kashegari ba wanda ya ce musu komai, suka ɗaure igiya suka haye rafi na biyu, manya a gefen da ruwa ya fi ƙarfi. Esenkul ya juya baya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi, don kada su ga fuskarsa. Saura mashigar da ke saman dutse, su gangara gida.

Da hantsi rana ta biyar, suna naɗe tanti a gindin dutsen, sai ga mahaya uku da dawakai biyar a jaye. Na gaba tsoho ne mai farar hula, rago ɗaure a gaban sirdi. Ashe direban motar da ta kawo su ne ya yi surutu a kasuwa. Ko daga nesa Esenkul ya san zaman yayansa a kan doki.

Sabirbek ya sauka yana dariya, ya rungume shi. "Ɗan banza, ka shigo duwatsuna kana ɓuya kamar ɓarawon doki! Tun asuba nake tafe. Dubi 'ya'yan mutane, duk sun zama ƙashi." Ya jawo ragon ya tsayar da shi gaban ƙaninsa, ya buɗe tafukansa. "Yau kai ne baƙo. Yi mana addu'a a yanka."

Mahayan suka ɗaga hannu. Yaran ma suka ɗaga, Kubat har yana haɗiyar yawu. A al'adarsu rago ba ya shan wuƙa sai baƙo ya yi addu'a an shafa, kowa jira yake. Esenkul ya zura hannayensa cikin aljihu.

"Yaya, mayar da shi."

"Me ka ce?"

"Na ce mayar da ragonka, da dawakanka. Kwana biyu ya rage musu. Shekara ashirin da bakwai kuna ɓata mini aiki da kitse, ku bar mini kwana biyu mana!"

"Aiki? Horon yara da yunwa shi ne aiki? Kai da wa ya ciyar da kai har ka yi bakin faɗa mini haka?"

"Kai ne. Ka ciyar da ni har na je birni ban san yadda ake neman burodi ba."

Wannan maganar bai kamata ta fito ba, a gaban yara da baƙi, kuma Esenkul ya sani tun kafin ya rufe baki. Amma fushi ya riga ya hau kansa, bai janye ba. Tsohon ya daɗe tsaye da hannu a buɗe, sannan ya sauke ba tare da ya shafa ba. Shi kaɗai ya ɗora ragon a sirdi, ya ƙi a taimaka masa.

Yaran suka haye mashigar da ƙafafunsu, cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, biyu na ɗauke da jakar wata yarinya da ta gurɗe ƙafa. Esenkul ya sami abin da ya nema, kuma har yau in ka tambaye shi zai daka maka tsawa ya ce da za a sake, haka zai yi.

Da kaka Sabirbek ya aurar da autansa. Shekara talatin duk wani taro a gidan, Esenkul ke zama kusa da ƙofa yana rabon nama, aikin ƙanin mai gida ke nan. Ya wasa wuƙarsa, ya tafi da wuri. Yayansa ya tarye shi a bakin ƙofa, ya miƙa masa hannu biyu.

"Maraba, agai. Ku shigar da malam ciki."

Suka kai shi can ƙurya, wurin manyan baƙi, tsakanin surukai da wani likita. Wani ɗan maƙwabta ne zaune kusa da ƙofa yana rabo. Aka kawo wa Esenkul cinya guda a faranti, ya ci abin da ya iya, wuƙar na cikin aljihunsa har aka tashi.