Kawu Zafi-zafi da Tambarin Batir

A cikin dangi kaf, babu mai iya cewa ya taɓa ganin Kawu ya jira shayi ya huce. Yana kurɓa yana hura baki, idanu na kawo ruwa, in aka ce ya dakata sai ya ce shayi mai sanyi ai ruwan wanki ne. Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Zafi-zafi, sunan ya biyo shi gida, har 'ya'yan yayyensa suka taso ba su san yana da wani ba.

Masana'antar da ya yi rayuwarsa a ciki abu biyu take yi wa masu haɗa batirin mota. Na farko wasu siraran shafuka ne masu kama da takarda, alhali roba ce, da ake sakawa tsakanin farantan dalmar da ke cikin batir don kada su taɓa juna. Ma'aikata suna ce musu raba-faɗa. A nan Kawu ya fara, yana yanka su daga safe zuwa yamma, kuma bai taɓa son wurin ba. Ya ce komai fari fat, kamar mutum yana aiki a cikin kwanon madara.

Na biyu shi ne tambarin da ake mannawa a jikin batir. Ana buga rubutun a juye a kan takarda mai santsi, a bi shi da gam, a kifa a jikin robar batir, a danna da inji mai zafi, sannan a ɓare takardar, rubutu ya zauna daidai. Ranar da aka mayar da Kawu wannan ɗaki ya dawo gida da jar tawada har a kunne, yana ta washe baki. Dattijon da ya koya masa aikin doka ɗaya gare shi: takarda da zafi ake ɓare ta. Gam ɗin wancan zamani in ya huce sai ya riƙe takardar ya ƙi saki, saboda haka duk wanda ya yi jinkiri sai ya sha duka a bayan hannu. Kawu bai taɓa shan dukan ba. Aikin da halinsa sun dace kamar tukunya da murfinta.

A ɗakin nan gashinsa ya yi fari. Idonsa ya saba da rubutu a juye har ya fi masa na daidai sauƙi. 'Yarsa ta fari har yau tana ajiye da kofin robar da ta je makaranta da shi, wanda ya rubuta mata suna a jiki daga dama zuwa hagu, sai an kai shi gaban madubi ake karantawa.

Matsala ta zo ne lokacin da masu batir suka canza robar da suke amfani da ita. Sabuwar ta fi ƙarfi, ta fi santsi, ba ta yarda da gam. Tambari ya riƙa ɗagowa tun batir bai bar shago ba, wanda ya tsira kuma da ruwan batir ya ɗiga masa sai ya zagwanye. Wata safiya Manaja ya shigo ɗakin, ya cire tabarau yana ta gogewa, alamar maganar ba mai daɗi ba ce. Ya ce masu batir sun gaji, za su koma zuba sunansu a jikin robar tun daga inji. In wata ya ƙare ba a sami tambarin da zai zauna ba, za a rufe ɗakin. Dogo, mai kula da injin dannawa, zai koma sito. Kawu kuma zai koma yankan raba-faɗa.

"Ranka ya daɗe, da furfurata zan koma kwanon madara?" in ji Kawu.

"Ni ma ba na so," Manaja ya ce. "Ku samo mini abin da zai manne, in kai musu da hannuna."

Dabarar ta zo wa Kawu ne yana wucewa ta tsohon wurin aikinsa, ya ga tarin guntayen raba-faɗa da aka yanke za a zubar. Abin nan fa a cikin ruwan batir yake kwana yake tashi, ruwan bai taɓa cin sa ba. Ya ɗebi guntayen ya kai wa Injiniya, wata matashiya mai kula da ɗakin gwaji, wadda yake kira 'yata tana kiransa Baba. Ta juya su a hannu ta ce ai robar ma dangin robar batir ce, ba mamaki su karɓi juna. Suka niƙa, suka haɗa a cikin gam, suka buga.

Dogo ya danna, ya ɗaga inji, Kawu ya fizge takarda. Rubutun ya biyo ta yana miƙewa kamar cingam. Suka ƙara gari, haka. Suka rage, haka. Suka ƙara zafi, suka rage zafi, suka canza takarda. Kwanaki suna ta tafiya, kwandon shara yana ta cika.

Da aiki ya ƙi ƙarewa a masana'anta sai ya biyo Kawu gida, kuma a nan Inna, matarsa, ta shigo labarin. Ita dama ta daɗe tana biyan harajin basirar mijinta. Babu tire, babu murfin bokiti, babu robar ruwa a gidan da ba ta ɗauke da rabin sunan wani batir. Duwatsun guga biyu sun mutu a hannunsa, gam ya daskare a ƙasansu. Na ukun sabo ne, 'yarsu ta fari ta kawo mata, ranar kuwa Inna ta ɗaga shi a gaban kowa ta yi shela.

"Malam, ga shi, ka gan shi da kyau. Kallo kawai. Ranar da ka taɓa shi, kai da gwangwanayen gam ɗinka za ku kwana a waje."

"Haba Uwargida, ni da nake da inji guda a wurin aiki, me zan yi da wannan ɗan abin?"

Asabar ta ƙarshe a watan, Inna ta fita kasuwa da hantsi. Ƙarar rufe ƙofa ba ta gama mutuwa ba Kawu ya jona dutsen guga. Ya shimfiɗa murfin batir a tsakar falo, ya kifa tambari, ya ɗora tsumma, ya danna da dukan ƙarfinsa. Ya kai hannu zai ɓare ke nan ya ji muryarta a bakin ƙofa, tana dariya da wata. Ashe ta haɗu da Yaya Babba a kan hanya, yayarsa da ta goya shi, wadda in ta zo gaisuwa sai ta tambayi lafiyar kowa har da kajin maƙwabta.

Ya zare waya, ya tura dutsen bayan labule. Murfin kuwa ya rasa inda zai kai shi, sai ya cusa shi ƙarƙashin matashin kujera ya zauna a kai.

"Auta, ba ka tashi ka tarye ni?" in ji Yaya Babba.

"Yaya, ƙafa ce ta ɗan riƙe. Sannu da zuwa."

Matashin siriri ne, ya sha zama. Zafin ya fara ratsowa a hankali. Kawu ya karkata dama, ya karkata hagu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Inna ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi labulen da wayar guga ke leƙowa daga ƙasansa, ta dubi mijinta. Ta gyara zama kusa da baƙuwa.

"Yaya, ba ki ƙarasa mini labarin rufin ɗakin nan naki ba. Daga farko za ki faro, Malam bai ji ba."

Yaya Babba ta faro daga farko. Da ta kai ƙarshe Inna ta tambayi yadda aka yi da kafintan, da aka gama da kafinta ta tambayi matarsa. Kawu yana amsawa da "ikon Allah" a inda ya dace da inda bai dace ba, yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwa. A ransa ya riga ya yi wa gwajin ta'aziyya, don ya san gam ya huce, takarda ta kama, aiki ya lalace.

Sai bayan azahar Inna ta raka baƙuwa. Ya ɗaga matashi, ya kama gefen takardar ba da wani fata ba. Ta taso sumul, fes, babu ko ɗigon tawada a jikinta. Rubutun yana kwance a kan robar kamar da shi aka haife ta. Ya kankara da farce, ya kankara da cokali, ya ɗiga ruwan batir. Ko gezau.

Inna ta dawo ta same shi yana rawa shi kaɗai da murfin batir a ka.

"Kafin ka gama rawar, ɗauko mini abin da ke bayan labule," ta ce.

Allah ya taimake shi tsumman ya kare dutsen. Ta duba ƙasansa a hasken taga, ta shafa, ta ce gwangwanaye dai za su kwana a waje, shi kuma za a duba lamarinsa.

Litinin ya riga mai gadi isa masana'anta. Ya tara Dogo da Injiniya, ya nuna musu murfin, ya ce haɗin ƙarshe ne ya yi. Aka buga da haɗin ƙarshe. Dogo ya ɗaga inji, Kawu ya fizge, rubutu ya biyo takarda yana miƙewa. Aka sake, haka.

"Baba, faɗa mini duk abin da ka yi a gida, kada ka tsallake komai," in ji Injiniya.

Ya so ya tsallake maganar kujera, amma ba hali. Dogo ya yi dariya har ya dafa bango.

"To ai magana ta fito. Ba gam ba ne, ba zafi ba ne, mazaunanka ne. Sai a gaya wa Manaja ya ɗauke su aiki, a yi musu katin shaida."

"Kai dai tsawo ka yi, hankalin bai kai sama ba," Kawu ya ce. Amma ya yarda a gwada. Aka danna wani murfi, aka ɗora kwali, ya zauna a kai yana harare-harare. A haka Manaja ya shigo ya same shi, ya buɗe baki zai yi tambaya, Dogo ya ce masa a yi haƙuri, inji na aiki. Da aka ɗaga, takarda ta taso fes.

Injiniya ta ƙura wa murfin ido. Can ta ce a danna wani, a ajiye shi a kan tebur, kada kowa ya zauna, kada kowa ya taɓa.

"Zai kama takardar, 'yata," in ji Kawu. "Da zafi ake ɓarewa. Haka aka koya mana."

"Haka ni ma kuka koya mini, Baba, shi ya sa ban taɓa tambaya ba. Amma wancan gam ne, wannan roba ce. Roba in ta narke ai sai ta huce take kama jikinta."

Dogo ya ɗaga inji. Hannun Kawu ya tafi da kansa, sai da Dogo ya riƙe masa wuyan hannu biyu ta baya kamar an kama ɓarawo. Suka tsaya su huɗu suna kallon murfin batir yana shan iska. Kawu ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin lokaci mai tsawon wannan ba, har zaman Yaya Babba bai kai shi ba. Da Injiniya ta taɓa ta ji sanyi, ta ce, "Bismillah, Baba." Ya ɓare a hankali. Rubutu ya zauna.

Ashe haɗin ya yi tun gwajin farko. Duk abin da suka cika kwandon shara da shi mai kyau ne, hannunsu ne ya riƙa lalata shi. Manaja ya naɗe murfin a cikin jarida ya fita da shi da kansa, kuma kafin sati ya zagayo aka kawo dogon tebur aka ajiye a gefen inji, inda murafu za su riƙa jeruwa suna hucewa. Ba a rufe ɗakin ba. Dogo bai ga sito ba, Kawu bai koma kwanon madara ba. A takardar da kamfani ya shigar ta sabuwar fasaha an sa sunan Injiniya da nasa. Inna ta ce an yi son kai, don in da gaskiya za a bi, ita da Yaya Babba ne suka yi aikin, shi zama kawai ya yi.

Yanzu ya yi ritaya, amma fita da shi sai mai haƙuri. Duk motar da ya gani an ɗaga murfin injinta a bakin titi sai ya tsallaka, ya yi sallama, ya zura kai. Direbobi suna ɗauka makanike ne, su hau yi masa bayanin yadda ta fara shaƙewa a kan gada. Shi kuwa yana gyaɗa kai, yana goge ƙurar jikin batir da babban yatsa, ya sa farce ya ɗan kankari gefen tambarin. In ya ji shi daram sai ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Baba, me ka gani? Mene ne matsalar?"

"Motar ban sani ba," yakan ce. "Amma rubutun nan lafiyarsa ƙalau."