Baƙon da Ya Ƙi Shan Ruwa

Tun da rijiyoyin man fetur na yankin Pecos suka gaji, kamfanin mai ya koma ɗura musu ruwan gishiri don ya tunkuɗo ragowar man, Doylene Tackett ta daina yarda da fararen motocin kamfanin. Ga ɗaya tsaye a bakin shingenta.

Mai motar dogo ne, takalminsa sabo fil, amma tafin hannunsa duk kanta. Wannan ya sha murɗa bututu kafin a ba shi kujera, in ji ta a ranta. Ya rufe ƙofar shinge yadda ya same ta. Da gani a gidan masu shanu ya tashi. Yana tsugunne gaban kwamin ruwan shanunta yana cika 'yar kwalba da ruwan, idonsa na kan farin gishirin da ya bushe a gefen kwamin.

"Malam, lafiya?"

"Dubawar da aka saba ce, Mama. Babu komai."

"To madalla. Ka sha rana."

Ta ɗebo ruwa a kofi daga rijiyar da ita da shanunta ke sha, ta miƙa masa. Leɓɓansa duk sun tsage. Yana duban kofin, yana duban shanun.

"Na gode, Mama. Yanzu na sha."

Doylene ba ta janye hannunta ba.