Don Anibal, Mai Fito Da Jiragenmu Tudu

Kafin masunta su gama kurɓar shayin mate, Don Anibal Techera, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, ya riga ya isa rumfarsa a bakin teku. Zai duba mai, ya bi igiyar ƙarfe da tsumma yana laluben inda ta fara ci, sannan ya tada inji. Ƙauyenmu na gaɓar Rocha ba shi da matsayar jirage, rairayi ne kawai da raƙuman ruwa. Injinsa ke jan jiragen kamun kifi zuwa ruwa da safe, shi ke fito da su tudu da yamma.

Da shanu ake wannan aiki a da. Anibal yana saurayi ya kwance injin wata matacciyar babbar mota, ya haɗa shi da gangar ƙarfe wadda igiya ke naɗuwa a kanta. Ƙaramar ganga ya zaɓa, don ita ke da ƙarfin ja, sai dai ba ta da sauri. Shekara biyu ana yaba masa.

Ran nan iska ta taso daga kudu. Nemesio, mijin ƙanwarsa, ya dawo da jirgi cike da kifi. Aka ɗaura igiya, inji na ja a hankali, wani raƙumin ruwa ya cim ma jirgin a bakin gaɓa, ya kifar da shi a kan ƙafar Nemesio. A asibiti aka yanke ta.

Ba wanda ya ga laifin Anibal, amma ya rufe rumfar, ya daina fita. Sai da Nemesio ya dogara sanda ya same shi har gida.

"Anibal, ka cinye mini ƙafa, yanzu kuma 'ya'yan ƙanwarka za ka kashe da yunwa?"

"Gangar ce ta yi ƙanƙanta, Nemesio. Da babba na sa..."

"Da babba ka sa, da injin ya shaƙe, teku ta tafi da ni gaba ɗaya. Tashi ka nemo ta tsakiya. Kada ka sa in bi ka da gudu."

Waɗanda suka ga hunturun shekarar suna ba da labari har yau. Ya yi ta walda, yana cika tsohon jirgi da yashi yana gwadawa. Babbar ganga ta kashe inji, wata ta tsinka igiya. Daga ƙarshe ya tsaya a kan matsakaiciya, ya haɗa ta da giyar motar: ta ɗaya ta ɓamɓaro jirgi daga ruwa, ta biyu ta ruga da shi tudu. Lokacin sauyawa kuwa da kunne yake gane shi, daga kukan inji.

Don Anibal, kai ne ka tsaya a rumfar nan cikin ruwa da iska har gashinka ya yi fari. Bayan Nemesio, teku ba ta sake kama kowa a bakin gaɓarmu ba. Mu kuwa sai mu sauke kifi mu wuce, iyakarmu ɗaga maka hannu.

Ƙarar injin ta cinye masa kunnuwa a hankali. Watan jiya ya makara wajen sauya giya. Ba abin da ya faru, amma da yamma ya miƙa makulli ga Zulma, 'yar marigayi Nemesio, wadda ta daɗe tana kama masa aiki.

Muka gasa nama don sallamarsa. Tsofaffin masunta suka yi ta tashi suna jawabi, wasu da hawaye. Yana ta murmushi, can ya karkata wajen Zulma.

"Me suke cewa ne?"

"Godiya suke yi, Kawu."

"Giya? Gaya musu ta biyun tana son mai."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Don Anibal, mun gode, ko da yake mun bari sai da ka daina ji. Matasa, ku yi koyi da mutumin da aikinsa ya yi ɓarna, ya koma ya gyara. Wanda kuma yake da irinsa a garinsu, ya je ya gaya masa yau, tun kunnensa na ji.