Fim Biyu na Gilbert Mai Hoto

Kwamitin kalandar Zumuntar Mata sun ɓata wa Gilbert hotonsa, sun kuma riƙe masa fim ɗin da ake wanke hoton daga jikinsa. Wata tara ke nan.

Gilbert ɗan Kagoro ne, tun 1987 shagonsa yake kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban kyamara da farin ɗankwali ta san abin da ke faruwa. In fuska ta fito, ɗankwali da sama sun ƙone fari fat. In sama ta fito, fuska ta koma gawayi. Shi sau biyu yake ɗauka, kyamara a kafe: ɗaya don fuskoki, ɗaya don gajimare.

"Iyayena, kada wadda ta yi numfashi," ya ce ranar da muka jeru a gindin dutsen Kagoro, mu arba'in.

"To mu mutu ke nan, ɗan nan?" in ji Mama Afiniki, dattijuwarmu.

"Ki bari sai na ɗauki na biyu, Mama."

Dariya ta sa aka sake daga farko.

Na taɓa shiga ɗakin da yake wanke hoto, ranar da ya wanke namu. Jan ƙwan lantarki guda ɗaya, sai warin magani. Ya saki haske ta cikin fim ɗin biyu, bi da bi, kan takarda ɗaya, yana kaɗa tafin hannunsa a tsakani kamar mai yi wa jariri fifita, ya rage wa nan, ya ƙara wa can. Da ya tsoma ta a ruwa, dutsen ne ya fara tasowa, da girgije kwance a kafaɗarsa. Sannan idanu. Sannan tsagar kumatun Mama Afiniki, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana tahowa daga nesa. Ya ce, "Yaya, in aka gane na taɓa hoton, to na ɓata shi."

Bayan Mama ta rasu, kwamiti suka ari fim ɗin biyu, suka kai wa wani mai maɗaba'a a Kaduna. Kalanda ta dawo babu dutse, babu tsaga, fuskokinmu kamar an shafa mana alli. Wai Irene, sakatariya, har cewa ta yi mun ƙara kyau!

Yanzu yanar ido ta fara rufe wa Gilbert gani. Da lalube yake samun makullin shagonsa, amma ya ce in fim ya dawo kafin damina, zai iya wanke mana na gaskiya.

Irene, ke da 'yan kwamitinki, ku shiga mota ku je Kaduna. Duka biyun za ku kawo, ku damƙa masa a hannu kafin Lahadi.