Hayaƙin Layinmu

Ranar da muka dawo daga gobarar unguwar Nkomkana ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina kofur a 'yan kwana-kwana, pompiye kamar yadda ake kiranmu a Yaoundé. Ni ke shiga gaba da tiyo, sauran na bina.

Tukunyar gas ce ta fashe da hantsi a wani gida. Lungun ya yi wa motarmu kaɗan, sai da muka ja tiyo da ƙafa. Na fito da wata mata a kafaɗata, amma kafin mu kai bakin titi rai ya yi halinsa. Mutuwa ba baƙuwata ba ce a aikin nan, don haka na yi wanka a bariki na kama hanyar gida.

Ina shiga layinmu a Briqueterie, hayaƙin masu tsire ya buge ni. Warinsa ɗaya da na gobarar nan, sai na juya da baya. Tun daga ranar sai na riƙa zagayawa ta unguwar Ekoudou. Na daina cin nama, barci ya ƙaurace mini. Ban gaya wa kowa ba, don a wurinmu ana ganin wannan ragwanci ne.

Kawu Garba, ƙanin mahaifiyata, mai tsire ne a layin, kuma kullum nakan tsaya mu gaisa. Da ya ga shiru, sai ya biyo ni har bariki.

"Hamidu, laifin me na yi maka?"

"Ba kai ba ne, Kawu. Warin ne."

Ya ce, "To, gobe ba zan hura wuta ba. Zan roƙi maƙwabta su ma su jinkirta zuwa la'asar. Ka zo."

Na je. Muka zauna kan benci gaban murhu mai sanyi, na ba shi labarin matar tun daga farko, ina kuka, yana riƙe da gwiwata. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya dai saurara.

Washegari na sami adjudan, shugaban rukuninmu. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya rufe ƙofa ya ce, "Assieds-toi, zauna. Ni ma na sha wannan." Ya ba ni hutu, ya haɗa ni da likita.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, an koya muku fito da mutane daga wuta. Ku riƙa duban na kusa da ku a mota in ana dawowa. Wanda ya fi kowa shiru, sau da yawa shi ne bai fito ba tukuna.