Hancin Kawu Firmin

Shekara arba'in da ɗaya, bakwai na safe ba ta taɓa yi ba tare da Kawu Firmin ya jingine kekensa a bangon rumbun giyarmu ba. Ba ya shan kofi sai ya gama zagaye, turare kuwa ko ranar aurensa bai shafa ba, duk don kada hancinsa ya dushe. Zai durƙusa a bakin kowane tanki, ya ɗaga murfi, ya rufe ido, ya shaƙa. Ba kawuna ba ne na jini. Ma'aikacin mahaifina ne, na gaje shi tare da gonar inabin, kuma har yau ban gane wa ke ba wani umarni ba.

Mu nan gefen kogin Sèvre inabin Melon muke nomawa, da shi muke yin farar giyarmu, Muscadet. Ba ma gaggawar tace ta. Mukan bar ta kwance a kan lakarta da ke taruwa a gindin tanki har sanyi ya wuce, don lakar ce ke ba ta jiki. Sai dai lakar nan ba ta da amana. Rana ɗaya sai ta juya ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ba a ji da wuri ba, aikin shekara ya tafi. Firmin ne mai ji. Maƙwabcinmu Clovis bai gaji da ba da labarin ranar da Firmin ya tsaya a ƙofar rumbunsa, ko shiga bai yi ba, ya ce, "Tanki na uku, Clovis. Wai kai hancin naka na ado ne?"

Bara, bayan wata muguwar mura, ya same ni a tsakar gida, hula a hannu.

"Armelle, 'yata, hancin ya tafi."

"Haba Kawu, mura ce, zai dawo."

"Wata biyu ke nan. Jiya albasa ta ƙone a gabana, sai da matata ta yo ihu daga lambu."

Kawu, da ka yi shiru, wa zai sani? Saura shekara ɗaya ka yi ritaya. Da ka ci gaba da durƙuso kana rufe ido, mu kuma muna sakin baki. Kai ne mutumin da ya gwammace a san ya rasa abin da ake yabonsa da shi, da giyar gidan da ba nasa ba ta lalace.

Daga ranar ya hana ni turare da kofin safe, ya sa ni durƙuso.

"Me kika ji?"

"Giya."

"Giya! Ku ji mai gona. Koma."

A watan Fabrairu na ji wani abu a tanki na biyar, kamar an ƙyasta ashana, alamar lakar ta fara juyawa. Na juya na dube shi. Ya ce, "Kada ki kalle ni, ba zan iya taya ki ba. Ke za ki yanke." Sai na sa aka janye giyar daga lakar. Ta tsira.

Mun gode, Kawu Firmin, mai hancin da gari ya dogara da shi. Duk wanda ya iya wani abu shi kaɗai, ya yi koyi da kai, ya koyar tun ana ganinsa.

Ranar Lahadi muka yi masa walimar bankwana, da ɗanyar kawa, wato naman ƙumba, daga bakin teku da kifin kogi a miyar man shanu. Na zuba masa giyar bana. Ya kai kofin hanci kamar kullum. Sai ya miƙo mini.

"Faɗa mini."

"Gishirin teku, Kawu. Ɗanyen tuffa. Can ƙasa kuma ƙullin burodi."

"Ƙwai fa?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya ciko.

"To, gobe zan sha kofin safena da wuri."