Baba Ya Ce Na Manta Alamar

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi barina, shi ya sa na kawo muku shi nan, 'yan'uwa, ko a cikinku akwai mai fahimta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata talatin da bakwai, ina aikin shara da wankin zannuwan gado a wani ƙaramin asibiti. Ran Asabar zan sake zana jarrabawar lissafi, karo na uku ke nan. Ita kaɗai ta hana ni shiga makarantar koyon jinya, kuma maigidana ya ce in ban ci wannan karon ba, in haƙura haka.

A mafarkin na gan ni a ajinmu na sakandare, amma babu rufi, kuma maimakon bencuna, gadajen asibiti ne a jere. Ni kaɗai ce ɗaliba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana tsaye gaban allo da farar rigar da yake zuwa koyarwa da ita. Malamin lissafi ne har ya rasu, bai kuma taɓa ganin na ci darasinsa ba. Ya ba ni baya, ya rubuta x² − 5x + 6 = 0, ya miƙo mini alli ta kafaɗarsa ba tare da ya waiwayo ba.

Na tashi na fara neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da shida, in an tara su kuma su ba da −5. Da na gwada ɗaya da shida, sai na ji an yi tari a wani gado. Na share. Can na samu −2 da −3, na buɗe baka biyu na rubuta (x − 2)(x − 3) = 0.

Sai kawai allin ya koma sabulun wanki, yana kumfa a yatsuna. Sai kawai ga ni a barandar asibitinmu da bokiti, allon yana manne a ƙofar ɗakin haihuwa. Wata murya daga ciki, ba ta mace ba ba ta namiji ba, ta ce, "Biyu ko uku?" Na ce duka biyun amsa ne. Ba a buɗe ƙofar ba.

Baba ya zo ya tsaya kusa da ni, har ina jin ƙamshin turarensa. Ya daɗe yana duban aikina, sannan ya ce, "Rakiya, kin manta alamar."

Na ce, "Baba, wace alama?"

Ya karɓi bokitin daga hannuna, ya bi barandar da shi, ruwan yana zuba a takalminsa. Ina kiransa na farka, ana kiran sallar asuba.

Da na idar da salla na ɗauki biro na gwada. Na sa biyu a gurbin x, ya ba ni sifiri. Na sa uku, sifiri. Na kai wa malamar da ke yi mana darasin yamma, ta ce babu kuskure ko ɗaya.

To, don Allah, in lissafin daidai ne, wace alama Baba yake nufi na manta? Kuma me ya sa ya tafi da bokitina?